Tambaya da Amsa: Za a Kashe Tsohuwar Ƙa'idar Tsaro a Shafinmu, Ina Zan Kai Masu Tsofaffin Wayoyi?

TAMBAYA

Ni malamin kwamfuta ne a wata makarantar sakandare mai zaman kanta, kuma ni aka ɗora wa kula da shafinmu na intanet, inda iyaye ke duba sakamakon 'ya'yansu, su kuma biya kuɗin makaranta. Kamfanin da muke hayar saba a wurinsa ya aiko mana da saƙo cewa a ƙarshen wata mai zuwa zai kashe TLS 1.0 da TLS 1.1, sai daga 1.2 zuwa sama. Ga shi tun kafin a yi hakan wasu iyaye suna ta kuka, wai in sun buɗe shafin sai wayarsu ta nuna musu jan gargaɗi cewa ba shi da tsaro. Mai makarantar ya ce in rubuta wa kamfanin su bar mana abinmu yadda yake, tunda shekara da shekaru muna aiki da shi ba a taɓa sace mana komai ba. Ni kuma zuciyata tana raya mini cewa duk dabarar kamfanoni ce don su tilasta wa talaka sayen sabuwar waya. Shin in roƙe su su bari? In kuwa ba zai yiwu ba, ina zan kai iyayen da ƙarfinsu bai kai ga sabuwar waya ba?

Daga wani mai karatu a Zariya

AMSA

Kada ka roƙe su, ka bar su su kashe. Abin da ma ya ɗaure mini kai a wasiƙarka shi ne yadda kamfanin ya kai har yanzu bai yi ba, alhali manyan burauzoci sun juya wa waɗannan ƙa'idoji baya tun 2020. Amma damuwarka game da iyaye tana kan hanya. Sai dai ina kyautata zaton jan gargaɗin da suke gani ba ruwansa da saƙon kamfanin. Matsala biyu ce ta haɗu a hannunka, ka ɗauke su ɗaya, kuma ko da kamfanin ya amsa roƙon mai makaranta, gargaɗin ba zai gushe ba.

Duk lokacin da uba ya buɗe shafinku, kafin a nuna masa ko harafi ɗaya, wayarsa da sabarku sukan yi wata 'yar gaisuwa cikin ƙiftawar ido. Wayar ta faɗi ƙa'idojin sirranta zance da ta iya, sabar ta zaɓi wadda ita ma ta iya, sannan ta miƙa takardar shaida da ke nuna cewa ita ce shafin makarantar na gaskiya, ba na bogi ba. In an daidaita, duk abin da ya wuce tsakaninsu sai ya tafi a dunƙule, wanda ya tsaya a tsakiya ba zai gane komai ba. Abu biyu ke nan a gaisuwa ɗaya: ƙa'idar da za a yi zance da ita, da takardar shaida. Saƙon kamfaninku a kan ta farko yake. Kukan iyayenku, in zatona ya yi daidai, a kan ta biyu yake.

Kamfanin Netscape ne ya fito da wannan tsari a 1995 da sunan SSL 2.0. Ba a jima ba aka ga ɓarakarsa, aka sake shi da SSL 3.0 a 1996. Daga nan ƙungiyar IETF, wadda ke tsara ƙa'idojin intanet, ta karɓi aikin, ta fitar da TLS 1.0 a Janairun 1999, sai 1.1 a 2006, 1.2 a 2008, 1.3 a 2018. Wato abin da mai makaranta ke so a bar masa sa'an Jamhuriya ta Huɗu ne, shekararsu ɗaya da komawar Najeriya mulkin farar hula. Wadda ake so ku tsaya a kanta kuwa, 1.2, tun 2008 take, ta girmi ɗaliban da ke ajinka.

Hujjar mai makaranta, cewa ba a taɓa sace muku komai ba, ita ce hujjar da aka fi jin ta a irin wannan zance, kuma ba ta tsayawa. Wanda ya saurari bayanai a hanya kwafi yake ɗauka. Sakamakon yara yana nan inda yake, kuɗi sun shiga asusu, babu abin da ya ɓace da za a lura. Iyakar abin da mai makaranta zai iya cewa shi ne bai sani ba.

A 2011 wasu masu bincike biyu, Thai Duong da Juliano Rizzo, suka nuna a bainar jama'a yadda za a tsinci sirri daga zancen da aka ɗaure da TLS 1.0, harin da aka laƙaba wa suna BEAST. Masu burauza suka yi wa abin faci, aka ci gaba. Wanda ya fi koyar da darasi shi ne na Oktoban 2014, lokacin da masu bincike uku na Google suka fallasa raunin da aka kira POODLE a cikin SSL 3.0. A lokacin SSL 3.0 ta shekara 18, kusan kowace burauza da kowace saba sun riga sun iya TLS. To me ya tayar da hankali? Burauzoci suna da wata ɗabi'a ta sassauci: in sun gwada gaisawa da sabuwar ƙa'ida abin ya ƙi, sai su sauko mataki ɗaya su sake gwadawa, har su kai ga ta ƙasa. An yi hakan ne don tausaya wa tsofaffin sabobi, irin tausayin da kake nema a yi wa tsofaffin wayoyi. Mai kutse da ya samu zama a tsakiya, misali a kan waifai ɗin da kowa ke shiga, sai ya riƙa katse gaisuwar da gangan har ɓangarorin biyu su gangaro zuwa SSL 3.0, sannan ya fara tsinto sirrin harafi bayan harafi, kowane harafi bayan gwaji kimanin 256. Abin da yake farauta shi ne 'yar alamar nan da shafi ke ajiye wa mutum a burauza bayan ya shigar da kalmar sirri. In ya same ta, shafin zai karɓe shi a matsayin mai asusun. A Yunin 2015 IETF ta haramta SSL 3.0 baki ɗaya.

Harin Maris ɗin 2016, mai suna DROWN, ya fi wannan muni. Tun 2011 aka haramta SSL 2.0, babu wata burauzar kirki da ke amfani da ita, amma ɗimbin sabobi sun bar ta a kunne don dai babu wanda ya tuna ya kashe. Masu bincike suka nuna cewa mutum zai iya naɗar zancen mai sabuwar kwamfuta, wanda aka ɗaure da TLS 1.2, ya tafi wurin tsohuwar ƙa'idar da aka manta, ya yi ta jefa mata tambayoyi dubbai har amsoshinta su warware masa abin da ya naɗa. Sharaɗin kawai shi ne a ce makullin sirri ɗaya ake amfani da shi a wuraren biyu, ko da tsohuwar a kan sabar imel take. Kamar gida ne da aka sa wa ƙofar ƙarfe a zaure, aka bar ta langa-langa a baya, makulli ɗaya yana buɗe su duka. Lokacin da aka bayyana abin, kashi 33 cikin 100 na sabobin da ke sirranta zance an same su cikin haɗarin.

Zan yi wa mai makaranta adalci a nan. Sabuwar waya a yau ba za a iya jan ta zuwa TLS 1.0 ba, domin burauzarta ba ta ma yarda ta sauka can. Kuma ba na jin wani zai zauna ya shirya harin BEAST don ya ga sakamakon jarrabawar ɗan aji uku. In ka ce haɗarin gobe da safe ƙanƙane ne, ba ka yi ƙarya ba. Dalilan kashewa sun fi haka nauyi ta wani ɓangaren. Kuna karɓar kuɗi, kuma majalisar da manyan kamfanonin katin kuɗi irin su Visa da Mastercard suka kafa ta sa 30 ga Yuni 2018 a matsayin ranar ƙarshe da mai karɓar kuɗi ta kati zai daina dogara da SSL da TLS 1.0. A Maris ɗin 2021 IETF ta yi wa 1.0 da 1.1 ritaya a hukumance, ɗaya daga cikin dalilanta shi ne sun jingina da wani lissafin tantancewa mai suna SHA-1, wanda Google da cibiyar bincike ta CWI da ke Amsterdam suka karya a Fabrairun 2017, suka fito da takardu biyu mabambanta masu tambari ɗaya. Sannan manhajojin da saba ke gudana a kansu sun fara zuwa da tsofaffin ƙa'idojin a kashe, Ubuntu 20.04, alal misali, haka ta zo tun 2020. Duk wanda ya dage sai ya riƙe su, ko dai ya sassauta tsaron sabar da hannunsa, ko ya ƙi sabunta ta. Na biyun nan shi ne ainihin inda ake cin shafuka irin naku: tsohuwar manhaja da aka daina yi wa gyara. Kuma galibi saba ɗaya ce ke ɗauke da shafukan mutane da yawa, kamfanin ba zai raunana na kowa saboda ku ba. Kada a manta, bayanan yara ne a hannunku, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su.

To su wa wannan kashewa za ta shafa a zahiri? Ba su kai yadda kake tsoro ba. Duk wayar Android daga 5.0, wadda ta fito a 2014, tana jin TLS 1.2 ba tare da an taɓa komai ba. Burauzar Chrome ta iya ta tun 2013. Ma'auni mai sauƙi: tun Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan wayar da ba ta kai Android 5.0 ba. Saboda haka uban da ya aiko maka da ƙorafinsa ta WhatsApp, wayarsa ta iya TLS 1.2. Inda na fi jin tsoro ma ba hannun iyaye ba ne, ofishinku ne. In akwai tsohuwar kwamfuta mai Windows XP a wurin akawu, ana buɗe shafin da Internet Explorer, wannan kam ranar da aka kashe za ta tsaya cik.

Yanzu ga jan gargaɗin. Kowace waya tana zuwa da jerin hukumomin da ta yarda da sa hannunsu a kan takardar shaida. In sabarku ta miƙa takarda mai sa hannun wanda ba ya cikin jerin, wayar za ta ƙi, ko da wace ƙa'ida ake zance. Ƙananan shafuka da yawa suna karɓar takardarsu kyauta daga wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt, wadda ta fara bayarwa a ƙarshen 2015. Da yake baƙuwa ce a lokacin, wayoyi ba su san ta ba, sai wani tsohon kamfani, IdenTrust, ya tsaya mata da nasa sa hannun. Wa'adin tushen IdenTrust, wato takardarsa da ke cikin jerin wayoyi, ya ƙare ranar 30 ga Satumba 2021. Nata tushen kuwa sai daga Android 7.1.1, ta ƙarshen 2016, ya shiga jerin. Don kada a yar da masu tsofaffin wayoyi, suka yi wata dabara: sun lura Android ba ta duba ranar ƙarewar tushen da ke cikin jerinta, sai IdenTrust ya sake sa musu hannu na shekara uku. A tsakanin nan, bisa ƙidayar Let's Encrypt, wayoyin Android da suka san tushenta suka tashi daga kashi 66 zuwa kashi 93.9 cikin 100. Ranar 30 ga Satumba 2024 wannan rancen lokaci ya ƙare. Tun daga nan, wayar da ke kan Android 7.0 zuwa ƙasa tana iya nuna gargaɗi a duk shafin da ke da takardar Let's Encrypt. Ka lura, waya mai Android 6.0 tana jin TLS 1.2 sarai, takardar ce ba ta gane ba. Barin TLS 1.0 a kunne ba zai tsinana mata komai ba.

Kafin ka ɗora wa Let's Encrypt laifi, ka duba abin da ya fi sauƙi. Wayar da agogonta ya ɓace, wadda aka cire wa batir ta koma wata shekara can baya, za ta ga kowace takarda a matsayin wadda lokacinta bai yi ba, ta yi gargaɗi. Gyaran kwanan wata kawai ke warkar da ita. Yana kuma yiwuwa takardarku ce ta ƙare ba a sabunta ba, ko an ɗora ta ba tare da takardar tsakiya da ke haɗa ta da tushe ba. Ka sa iyaye biyu ko uku su turo maka hoton gargaɗin. A Chrome akwai ɗan rubutu a ƙasansa: in ka ga DATE a ciki, batun kwanan wata ne, in AUTHORITY ne, batun sa hannu ne, in VERSION ne, to wannan ne na ƙa'ida. Sannan ka shigar da adireshin shafin a ma'aunin SSL Labs na kamfanin Qualys, kyauta ne, zai nuna maka ƙa'idojin da ke kunne, da wanda ya ba da takardar, da irin wayoyin da za su iya shiga. In ta tabbata na Let's Encrypt ne kuma masu tsofaffin wayoyi suna da yawa a cikin iyayenku, ka tambayi kamfanin ko zai ɗora muku takarda daga wata hukuma wadda tushenta ya daɗe a cikin wayoyi.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka koya wa iyaye danna wurin da ke cewa a wuce duk da gargaɗin. Uban da ya saba tsallake jan allo a shafin makaranta, zai tsallake shi ranar da ɗan damfara ya turo masa shafin banki na bogi.

Zarginka na dabarar kamfanoni yana da ƙamshin gaskiya, amma ka nufi inda bai dace ba. IETF mai tsara ƙa'idojin nan ba ta sayar da waya, kuma an yi haƙuri fiye da kima: shekara goma sha biyu tsakanin fitowar TLS 1.2 da ranar da burauzoci suka rufe na baya. Apple da Google da Microsoft da Mozilla sun sanar tun Oktoban 2018 cewa sai 2020, kuma a lokacin Google ya ce kashi 0.5 cikin 100 ne kawai na sirrantattun ziyarori ta Chrome ke amfani da tsofaffin. Da Firefox, burauzar Mozilla, ta kashe su a Maris ɗin 2020, sai ga annobar korona, aka ga wasu shafukan gwamnatoci masu ɗauke da bayanan cutar ba su shirya ba, Mozilla ta mayar da su na ɗan lokaci, sai tsakiyar shekarar aka rufe. Wanda ya cancanci fushinka shi ne mai ƙera waya mai araha da ke sakin ta kasuwa, bayan ɗan lokaci ya daina aiko mata da sabuntawa. Wayar tana nan lafiya lau a hannu, jerin hukumominta da manhajarta sun daskare a shekarar da aka yi ta. Mu kuma da wayar hannu-biyu ta fi yawo a kasuwanninmu, mu muka fi ɗanɗana kuɗar wannan. Shi ya sa ma ba na so ka dogara da alƙaluman Google. Na duniya ne, iyayen makarantarku ba lallai su yi kama da duniya ba.

Ka ƙirga naka. Sabobi irin su Apache da nginx suna iya rubuta ƙa'idar da kowane mai ziyara ya shigo da ita a cikin kundin ziyara. Ka nemi kamfanin ya kunna muku wannan na mako biyu, zai fi kyau in ya haɗa da ranakun da iyaye ke tururuwar shiga. Daga nan za ka san ko mutum biyar ne ko hamsin. Kada ka tsaya a kan iyaye kaɗai, domin shafinku ma yana magana da wasu: kamfanin da ke karɓar muku kuɗi, da mai tura saƙon tes, da sabar imel. In an rubuta shafin da tsohuwar manhaja, can ne abu ke lalacewa shiru, uba ya biya kuɗi rasit bai fito ba.

Akwai dabarar da GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ya yi a 2018 da nake so ka ara. Ya sa 22 ga Fabrairu a matsayin ranar rufewa, amma ranar 8 ga watan ya kashe tsofaffin ƙa'idojin na awa ɗaya tak, ya sake kunnawa. Duk wanda bai karanta sanarwa ba, a wannan awar ya gane abin ya shafe shi, kuma yana da mako biyu ya gyara. Ka roƙi kamfaninku irin wannan gwaji, kana zaune a gaban kwamfuta, akawu yana kusa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar fitar da sakamako ba ranar gwaji ba ce. In ƙarshen watan ya faɗa makon da ake biyan kuɗin makaranta, jinkirin mako ɗaya ko biyu shi ne roƙon da ya halatta.

Waɗanda suka rage bayan duk wannan, haƙƙinsu yana wuyan makaranta, kuma ba ta hanyar raunana tsaro za a sauke shi ba. A buga musu sakamako a takarda kamar da, ko a tura ta tes, a bar musu biyan kuɗi a banki su kawo tela. Wasu za su ce maka da Opera Mini shafin yana buɗuwa, kuma gaskiya ne, domin sabobin Opera ne ke gaisawa da taku a madadin wayar. Ma'anar hakan ita ce zancen yana bi ta hannun wani na uku. Don duba sakamako babu laifi, don shigar da lambar kati ba na ba da shawara.

Maganar da za ka kai wa mai makaranta ita ce shafin intanet ba a gama shi. Wannan saƙo ba shi ne na ƙarshe ba. Takardar Let's Encrypt dama ta kwana 90 aka saba bayarwa. Na sauran hukumomi an rage wa'adinsu zuwa kwana 398 a Satumban 2020, kuma a Afrilun 2025 taron masu burauza da masu ba da takardun ya amince a yi ta ragewa har ya kai kwana 47 a 2029. Wanda ke sabunta takarda da hannu, yana dogara da tunawarsa, zai sha wahala. Ka tabbatar naku yana sabunta kansa. Ka nemi a ware ɗan kuɗi da lokaci duk zangon karatu don sabunta manhajar shafin da gwada ajiyar bayanai, a kuma tabbatar saƙonnin kamfanin suna zuwa akwatin imel ɗin da ake buɗewa, ba na malamin da ya bar aiki ba.

Ka amsa wa kamfanin cewa kun amince, a bar TLS 1.2 da 1.3, ka haɗa da buƙatun nan: kundin ziyara, gwajin awa ɗaya, da sunan hukumar da ta ba ku takardar shaida. In hotunan gargaɗin sun zo hannunka ka ga abin da ba ka gane ba, ka sake rubuto mana.